Yatsu, Hadda, Cika Goma ko Abakus: Wace Hanya Za a Bi Wajen Koya wa Ƙananan Yara Tarawa da Ka?

A wani aji biyu na firamare da na taɓa zama a bayansa ina sauraren darasin lissafi, malama ta tambayi yara takwas da biyar nawa ke nan, ta kuma hana kowa taɓa fensir. Yara uku sun ba da amsa daidai, goma sha uku, amma da ta bi ba'asi sai ya bayyana cewa ba hanya ɗaya suka bi ba. Na farko ya sa hannuwansa ƙarƙashin benci ya ƙirga yatsu takwas, ya ci gaba da ƙirga biyar, da yatsun suka ƙare masa sai ya cika da maɓallan rigarsa. Ta biyu ta amsa tun malama ba ta rufe baki ba, domin ta haddace jadawalin tarawa tun a aji ɗaya, sai dai da aka juya tambayar aka ce biyar da takwas fa, sai ta yi tsit tana motsa leɓe, tana bin layin biyar tun daga farkonsa. Na uku ya ɗan yi jim, sannan ya ce: "Malama, na ciri biyu daga biyar na ba takwas ya zama goma, saura uku, goma sha uku ke nan."

A littafin maki dai dukkansu sun ci, amma duk wanda ya daɗe da alli a hannu ya san ba wuri ɗaya suke tsaye ba, kuma bambancin zai fito fili ranar da aka ce su haɗa 38 da 25, inda maɓallan riga ba za su isa ba, jadawalin da aka haddace kuma bai kai can ba. Hanyoyin da ake bi a makarantunmu wajen koyar da tarawa da ka huɗu ne: ƙirga da yatsu ko tsakuwa, haddar jadawali, dabarar cika goma da danginta, sai kuma abakus, wato katako mai duwatsun da ake turawa a jikin sanduna don yin lissafi, wanda ya shigo ta makarantun kuɗi na manyan birane. Babu malamin da ke bin guda ɗaya tsantsa, amma lokacin darasi kaɗan ne, don haka dole ɗaya ta zama ginshiƙi, sauran su jingina da ita. Wannan shi ne zaɓin da ke gaban malamin aji, da shugaban makaranta, da kuma mahaifin da aka aiko wa takarda ana neman ƙarin kuɗin darasin abakus.

Kafin a auna hanyoyin, ya kamata a san girman kayan da ake son yaro ya ɗauka, domin bai kai yadda ake zato ba. Idan aka haɗa kowace lamba daga 1 zuwa 9 da 'yar'uwarta, tambayoyi 81 ake samu. Da zarar yaro ya gane cewa biyar da takwas daidai yake da takwas da biyar, sun ragu zuwa 45. A cikinsu 25 ba su wuce goma ba, 20 ne kawai suke tsallake goma, kuma a nan wahalar take. Ko a cikin ashirin ɗin, takwas suna ɗauke da lamba 9, uku tagwaye ne (6 da 6, 7 da 7, 8 da 8), uku maƙwabtan tagwaye ne (5 da 6, 6 da 7, 7 da 8), abin da ya rage shida ne kacal: 8 da 3, 8 da 4, 8 da 5, 8 da 6, 7 da 4, sai 7 da 5. Duk wani lissafin tarawa da yaro zai yi a rayuwarsa, ko na miliyoyi ne, a kan waɗannan 'yan tambayoyi ya tsaya.

Ƙirga ita ce ƙofar da kowane yaro yake shigowa ta cikinta, ko an koya masa ko ba a koya ba. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Thomas Carpenter da James Moser, sun bi sawun wasu yara daga aji ɗaya zuwa aji uku, kuma abin da suka wallafa a 1984 ya nuna matakan da duk malamin ƙaramin aji zai shaida: da fari yaro yakan ƙirga komai daga ɗaya, sannan ya koyi riƙe lambar farko a ka ya ɗora daga nan, sannan ya lura cewa farawa daga babbar lamba ya fi sauƙi, daga baya ya soma ciro amsar da bai sani ba daga wadda ya sani, kafin amsoshin su zauna masa daram. Amfanin ƙirga shi ne ba ta cin ko sisi, tunda marfin kwalbar lemo da ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya ba su yi wa kowa wuya ba, kuma ita ce ke sa yaro ya san cewa bakwai yawan wasu abubuwa ne, ba zane kawai a kan allo ba.

Illarta tana zuwa ne idan aka zauna a cikinta. Tana da nawa, tana cinye hankalin yaro gaba ɗaya, kuma tana da wani kuskure nata na kanta da ba ya ɓuya: a ce takwas da biyar, yaro ya fara ƙirga daga takwas ɗin maimakon lambar da ke binta, ya ƙare a goma sha biyu, ya kuma rantse bai yi kuskure ba domin yatsu biyar ya lanƙwasa. Wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar 'yan aji biyar ya ga gefen takarda cike da 'yan sanduna da aka jera aka soke, wanda hakan ke nuna yaron ya girma amma lissafinsa yana nan a aji ɗaya. Duk da haka ban yarda da malaman da ke hana yatsu da tsawa ko bulala ba, domin ba su raba yaro da ƙirga ba, sun dai kore ta zuwa ƙarƙashin benci inda ba za su ga kuskuren ba. Abin da ya fi shi ne a canza wa yatsun aiki, yaro ya riƙa ɗaga bakwai a lokaci guda a matsayin hannu ɗaya da biyu, ba tare da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba, ya kuma ga cewa uku ne suka rage a lanƙwashe.

Hadda kuwa tana da gata a wurinmu, kuma ba a banza ba. Al'umma ce da yaro ɗan shekara bakwai yake riƙe surori da dama a ka, don haka malami ba ya shakkar cewa 'yan ajinsa za su iya riƙe jadawali. Haka nan a ajin da yara suka kai tamanin ko ɗari, ga ƙarancin littattafai, rera jadawali tare shi ne abin da ya fi sauƙin gudanarwa, kuma yana ba iyaye abin da za su ji da kunnensu idan yaro ya koma gida. Akwai kuma gaskiyar da masu sukar hadda suke mantawa da ita: ƙarshen tafiyar, so ake yaro ya san bakwai da shida goma sha uku ne ba tare da wani tunani ba, domin wanda ke fama da wannan ba shi da sauran hankalin da zai ba babban lissafi. Saboda haka inda hadda ta nufa daidai ne.

Matsalar tana ga hanyar da take bi. A karatun allo jerin kansa yana cikin abin da ake kiyayewa, aya tana bin aya, kuma haka ake so. A lissafi jerin ba shi da wani amfani, domin tambaya ba ta zuwa a jere. Mai saye ba zai jira mai kanti ya karanto layin biyar daga farko ba. Yarinyar da na ambata a sama ta haddace waƙa ce, kuma amsarta tana rataye da baitin da ya gabace ta. Na biyu, hadda zalla ba ta da wurin komawa idan an manta: yaron da ya manta ko takwas da bakwai goma sha biyar ne ko goma sha shida ba shi da abin da zai auna da shi, sai dai ya yi canki ko ya koma yatsu. Na uku, rerawa tare tana ɓoye masu rauni, domin murya goma ce ke jan ajin, sauran suna bin amo. Na huɗu kuma, wanda ya fi damuna, ba ta tsallakawa: sanin takwas da biyar ta hanyar hadda ba ya gaya wa yaro komai game da 18 da 5 ko 38 da 5.

Dabarar cika goma ita ce wadda yaro na uku ya bi. Ana neman abin da babbar lambar ke buƙata ta zama goma, a ciro shi daga ƙaramar, sannan a ɗora abin da ya rage. Tana da dangi biyu na kusa, wato tagwaye da maƙwabtansu (shida da bakwai, shida biyu ne da ƙarin ɗaya), da kuma zagayawa a gyara (bakwai da 9, bakwai da goma ne a cire ɗaya). Ba a fara ta haka kawai, sai yaro ya mallaki abubuwa uku: ya san abokan goma guda biyar, wato 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5, kamar yadda ya san sunansa, ya iya fasa kowace lamba ƙasa da goma gida biyu ta kowace fuska, ya kuma san cewa goma da uku ba ta buƙatar ƙirga.

A wannan sharaɗi na uku ne yaron da ake koyarwa da Hausa yake da rabon da malamai da yawa ba su lura da shi ba. Harshen da kansa yana faɗin amsar: goma da uku, goma sha uku. Sunayen 11 da 12 a Turanci ba su ɗauke da wata alamar goma da yaro zai ji, 13 da 30 kuma sun yi kama a kunne har su rikita wanda bai ƙware ba. A Faransanci, wanda yaran Maraɗi da Damagaram suke karo da shi a makaranta, daga 11 har 16 goman a ɓoye take. Hausa ta bar ta a fili, muddin malami bai gajarta ya ce "sha uku" tun yaran ba su kama ba. Bugu da ƙari, tsohon salon ƙirga da har yanzu ake ji a bakin dattawa da 'yan kasuwa, inda ake kiran 19 ashirin ɗaya babu, 18 kuma ashirin biyu babu, shi ne ainihin dabarar zagayawa a gyara, an dafa ta an ajiye cikin harshe. Inda Hausa ta ɗan yi rowa shi ne a ashirin da talatin da arba'in har zuwa casa'in, waɗanda aka aro daga Larabci, domin yaro ba ya jin goma biyu a cikin ashirin. A nan tsofaffin kalmomin gomiya biyu da gomiya uku suna da amfani a matsayin gada na 'yan makonni. Sai kuma a yi hattara da kalmar tara, wadda a rubuce take nufin lamba 9 take kuma nufin haɗawa. A baki tsawon wasali da karin sauti sun raba su, amma a kan allo "bakwai a tara da tara" yakan tsayar da mai koyon karatu, shi ya sa na fi son a ce haɗa a azuzuwan farko.

Kayan aikin wannan hanya ma ba su da tsada. Ana zana akwati mai gida goma, biyar a sama biyar a ƙasa, ko da a kan ƙasa ne da tsinke, a sa marfin kwalba takwas a ciki, yaro ya ga gida biyu a buɗe suna jira, ya ɗauko biyu daga cikin biyar ɗin da ke gefe ya cike su, uku su rage a waje. A Holan, Adrian Treffers na Cibiyar Freudenthal da ke Utrecht ya ƙirƙiro wani ɗan katako mai layi biyu, kowane layi da duwatsu goma, biyar ja biyar fari, domin yaro ya riƙa ganin biyar da goma a dunƙule. Kowane kafinta zai iya yin irinsa da waya da duwatsun ado. Singafo kuma, tun daga shekarun 1980, ta gina lissafin firamarenta a kan tafiya daga abin da ake taɓawa zuwa hoto, daga hoto zuwa alƙaluma, bisa tunanin Jerome Bruner, kuma fasa lamba da cika goma suna cikin abin da ake koya wa 'yan aji ɗaya a can.

Ba zan ɓoye tsadarta ta wata fuskar ba. Tana bukatar malamin da shi kansa ya fahimce ta, kuma da yawa daga cikinmu da hadda da ƙirga aka koyar da mu. Tana da nawa a zangon farko, har mahaifi ya buɗe littafin ɗansa ya ga ba a rubuta komai ba sai fasa bakwai da fasa takwas, alhali ɗan maƙwabci yana rera jadawali har layin goma sha biyu. Tana kuma neman yaro ya riƙe matakai uku a ka, wanda ya yi wa wasu 'yan shekara shida nauyi idan aka janye musu marfin kwalba da wuri. Mafi muni shi ne a mayar da ita wata haddar, a tilasta wa kowane yaro ya cika goma ko da a shida da shida ne, inda tagwaye suka fi kusa. Amma idan ta zauna, ribarta ba ta tsayawa a inda aka koye ta: wanda ya san takwas tana neman biyu ya san 38 ma biyu take nema ta zama 40, kuma idan ya manta amsa yana da hanyar sake gina ta cikin daƙiƙa biyu.

Abakus shi ne baƙon cikinsu, kuma shi ya fi ɗaukar ido. Irin wanda ake koyarwa yanzu na Japan ne, soroban, mai sanduna a tsaye, kowace sanda da dutse ɗaya a sama mai darajar biyar da huɗu a ƙasa masu darajar ɗaya-ɗaya. Ya samo asali ne daga na Sin, mai biyu a sama da biyar a ƙasa. Yaro yakan fara da motsa duwatsun da yatsa, bayan dogon horo sai a ɗauke katakon ya riƙa ganin hotonsa a zuci, shi ya sa ake ganin masu yi suna kaɗa yatsu a iska. Kamfanoni irin su UCMAS, wanda aka kafa a Malesiya a 1993, su suka yaɗa shi a ƙasashe da dama a matsayin darasin bayan makaranta. Saurin da ƙwararrunsa suke yi gaskiya ne, ba rufa ido ba ne. Yaro yana iya haɗa jerin lambobi masu alƙaluma uku kafin babba ya gama danna su a waya.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata mai biyan kuɗi ya sani. Na farko, abakus bai tsallake abokan goma ba, a kansu ma ya tsaya. Idan sanda tana nuna takwas, wato dutsen sama da uku na ƙasa, aka ce a ƙara biyar, babu dutsen da zai ɗauka, dole a tura ɗaya a sandar goma a janye dutsen biyar; yaron da bai san cewa biyar da biyar goma ne ba haddar motsin yatsa kawai yake yi. Na biyu, ƙwarewar tana cin shekaru da atisaye kusan kullum; ko a Japan 'yan awoyi kaɗan ake ba shi a aji uku da aji huɗu, gwanayen kuwa daga makarantun yamma na musamman suke fitowa. Na uku, alƙawarin da ake yi a takardun talla cewa yana buɗe ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ya wuce abin da aka tabbatar. David Barner da abokan aikinsa sun bi wasu 'yan firamare a Indiya tsawon shekara uku, suka wallafa a 2016 cewa waɗanda aka koya wa abakus sun fi takwarorinsu iya lissafin alƙaluma, amma ba a ga ya ƙara musu ƙarfin tunani ta sauran fuskoki ba. A ganina ƙari ne mai kyau ga wanda ke da hali da yaro mai sha'awa, amma bai dace ya zama ginshiƙin aji ba, kuma awa ɗaya a mako da katako ɗaya tsakanin yara biyar asarar kuɗi ce.

Zaɓin bai ƙare a nan ba, domin idan aka kai lambobi masu alƙaluma biyu hanya takan sake rabuwa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. A ɗauki 38 da 25. Yawancin yaranmu sukan zana lissafin a zuci yadda ake jera shi a takarda, su fara daga dama, takwas da biyar goma sha uku, a rubuta uku a riƙe ɗaya. Wannan tsari don takarda aka yi shi, a ka kuwa sai uku ɗin ta ɓace kafin a gama da gomomin. Hanya ta biyu ita ce a fasa lambobin duka biyu: 30 da 20 hamsin, 8 da 5 goma sha uku, jimla 63. Ta uku ita ce a bar lambar farko yadda take a riƙa tsalle: 38 da 20 sun zama 58, da 2 sun zama 60, da 3 sun zama 63. Wanda ya saba da salon dattawa ma zai ce 38 ai arba'in ne biyu babu, arba'in da 25 sittin da biyar, a cire biyu.

Masu bincike a Holan, musamman Meindert Beishuizen a shekarun 1990, sun daɗe suna kwatanta fasawa da tsalle, kuma a makarantun can tsalle ake gabatarwa da farko, a kan miƙaƙƙen layi marar alƙaluma wanda yaro yake zana tsallensa a kai. Dalilin yana bayyana ne ranar da aka zo ɗebewa. Fasawa tana da daɗi a tarawa, kuma yara sukan gano ta da kansu, amma a ce a ɗebe 27 daga 53: yaro ya ce 50 a cire 20 saura 30, sannan ya tarar da 3 da 7, ya ga ba a cire bakwai daga uku, sai ya juya su ya samu 4, ya ce 34, alhali amsar 26 ce. Mai tsalle ba ya faɗa wa wannan rami, domin lamba ɗaya ce a hannunsa koyaushe: 53, 33, 30, 26.

Wannan tsalle ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ne lissafin kasuwa. Yarinyar da ke tallar gyaɗa, idan aka yi cinikin naira 350 aka miƙa mata 500, ba ta jera alƙaluma a zuci. Cewa take yi ga hamsin, ɗari huɗu, ga ɗari, ɗari biyar. A 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann sun nuna irin wannan a birnin Recife na Brazil, inda yara masu talla suka riƙa cin lissafi a bakin ciniki, suka kuma kasa yin irinsa da aka ba su a takarda da salon makaranta. Malamin da ya shigo da cinikin wasa cikin aji, da takardun 10 da 20 da 50 da aka yanka daga kwali, yana ɗora darasi ne a kan abin da yaran suka riga suka iya. A Nijar sai an ƙara lura, tunda da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuma sefa biyar ce, har yaro ya ji ana kiran abin da aka rubuta wa 100 dala ashirin. Gara a fara da ƙunshin tsinke goma-goma kafin a kawo kuɗi.

Idan aka ce in zaɓa wa ajin gwamnati mai cunkoso, cika goma zan sa a tsakiya, in ba ƙirga zango ɗaya ko biyu na aji ɗaya, in ajiye hadda a ƙarshen kowane mataki, wato a haddace abin da aka riga aka gane, kuma a riƙa tambayarsa a hargitse ba a jere ba. Abokan goma da tagwaye su ne suka cancanci rerawa, domin su kaɗan ne kuma komai a kansu yake hawa. Tsallake goma aikin ƙarshen aji ɗaya ne da farkon aji biyu, tsalle da gomomi kuma ya biyo baya kafin a nuna jerawa a takarda. Minti goma a kullum ya fi awa ɗaya a mako. Tsarin da Ingila ta shigo da shi a 1999 ma da kimanin minti goma na lissafin baka ya riƙa buɗe darasin kowace rana. Domin kada murya goma ta ja ajin, kowane yaro ya rubuta amsarsa a ɗan allo ko bayan kwali ya ɗaga a lokaci guda, malami ya ga ajin duka da kallo ɗaya. Ga yaron da ya kai aji huɗu ko biyar yana jera sanduna a gefen takarda, ƙara masa jadawali ba zai yi magani ba, sai an koma da shi inda ya tsaya. Wannan shi ne tushen tsarin koyarwa daidai da matakin yaro da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, wanda aka gwada a jihohi irin su Borno da Kano, inda ake raba yara bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, ana kuma aiki da tsinke da ƙunshin goma.

Mahaifin da ke son sanin inda ɗansa yake kafin ya yanke shawara ba ya bukatar fiye da minti biyar. Ya tambaye shi takwas da biyar, sannan biyar da takwas, sannan 18 da 5, sannan 38 da 5, yana kallon hannuwansa da leɓensa, kuma bayan kowace amsa ya ce masa: "Yaya ka yi ka samu?" Idan yaron ya ƙirga duka huɗun daga farko, marfin kwalba da akwatin gida goma yake bukata. Idan ya amsa ta farko nan take ya kakare a ta biyu ko ta uku, haddarsa ba ta da gindi, sai a koma fasa lambobi. Idan kuwa ya ce 43 ya kuma bayyana cewa biyu ya ba 38, to ya shirya wa lambobi masu alƙaluma biyu, kuma a lokacin ne kuɗin abakus, in akwai shi, zai faɗa a kan wanda zai amfana da shi.